Ƙarancin Jini da Sinadarin Jan Ƙarfe

Tambaya: Assalamu alaikum. Maiɗakina ta daɗe tana fama da ƙarancin jini duk da maganin ƙarin jini da take sha, kuma tun lokacin korona ba ta daina shan ƙwayar zinki ba. Wani mai tallar magani a motar haya ya ce jan ƙarfe ne ya yi ƙaranci a jikinta. Shin in saya mata ƙwayarsa? Daga mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba ta lafiya. Maganar mai tallar tana da ƙamshin gaskiya, amma ban ba ka shawarar sayen ƙwayar ba. Jiki yana buƙatar jan ƙarfe domin ya fito da sinadarin ƙarfe daga ma'ajiyarsa ya haɗa jini da shi, saboda haka idan ya yi ƙaranci, maganin ƙarin jini ba ya yin tasiri, wani lokaci har ƙafafu su riƙa mutuwa. Sai dai abin da baligi yake buƙata bai wuce maikirogiram 900 a rana ba, mai shayarwa kuwa 1,300, kuma hanta, gyaɗa, riɗi, wake, kashu da jatan lande, waɗanda ba su da wuyar samu a kasuwar Mile 12, suna wadatarwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne zinkin nan. Idan aka daɗe ana shansa fiye da miligiram 40 a rana, yana hana hanji tsotse jan ƙarfen da ke cikin abinci, kuma wannan na daga cikin sanannun dalilan ƙarancinsa. Ka duba adadin da aka rubuta a jikin kwalbar, ka tafi da ita asibiti, likita ya auna jininta.

Yawan jan ƙarfe kuma yana lalata hanta, shi ya sa aka ƙayyade wa baligi kada ya wuce miligiram 10 (wato maikirogiram 10,000) a rana. Akwai ma cutar gado da ake kira Wilson, wadda aka bayyana a 1912, inda yake taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa, kuma mai ita ƙwayar nan ƙara masa ciwo za ta yi. Ka roƙi likitan ya binciki zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da yawan zubar jinin al'ada, domin suna daga cikin abubuwan da suka fi jawo ƙarancin jini a ƙasarmu.