Amsa: Neman ƙauyen kakanni da ya zama kufai a ƙasar Sakkwato

Malam, ka tambaya yadda za ka gano ƙauyen kakanninka da babu shi a taswirar yau. Fara da sunan hakimin da ƙauyen yake bi, domin bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, gunduma-gunduma suka riƙa rubuta rahoton haraji da jangali, da sunan dagaci da adadin masu biya. Fayilolin Lardin Sakkwato, masu lambar SOKPROF, suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Ko ƙauyen ya faɗa jihar Kebbi ko ta Zamfara, waɗanda aka cire daga Sakkwato a 1991 da 1996, can Kaduna za ka nema. Takardun Larabci da ajami kuwa, ka leƙa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu nan cikin garin Sakkwato.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne rubutun suna. Bature yakan rubuta yadda kunnensa ya ji, ƙ ta koma k, don haka gwada siga uku ko huɗu. Tunga kuma takan sake suna in mai ita ya rasu, ko a tashi da sunan a kafa wani wuri.

In ka sami gundumar, ɗauki dattijo ku taka da rani, ciyawa ta kwanta. Ku duba kukoki a jere, ramukan marina, rijiyar da ta cike, da tsingaro a gona.