Man kare rana, gilashi mai wanke kansa da farin alewa: amsoshin wannan mako

Wasiƙu uku na ware a wannan makon, domin duk a kan farar hoda ɗaya suke, wato titaniyam dayoksaid. Ita ce farin da ke cikin fenti da takarda da man goge baki, kuma a nan Yanbu ma akwai masana'antar da ke sarrafa ta.

Tambaya: Ina aikin raka alhazai mata a Makka, wuni nake cikin rana tsakanin masauki da Harami. Na sayi man kare rana a kantin magani, da na shafa sai fuskata ta yi furu-furu kamar na faɗa toka. Mai kantin ya nuna min wani, ya ce na nano ne, ba ya fari, amma ya fi tsada. Ƙanwata kuma ta ce ta ji yana shiga jini. In saya? Daga wata Hajiya, Makka.

Hajiya, Allah ya saka da alheri kan hidimar baƙinsa. Mai kantin gaskiya ya faɗa miki. Abin da ya bambanta mayukan biyu shi ne girman ƙwayar hodar. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Silin gashi guda kan kai kaurin nanomita 50,000 zuwa 100,000. Ƙwayar da ake sa wa fenti tana tsakanin nanomita 200 da 300, girman da ya fi tarwatsa hasken da ido ke gani, shi ya sa take fari fat. Idan aka ƙanƙantar da ita ƙasa da nanomita 100, hasken da muke gani yakan ratsa ta, amma tana nan tana tare ɓoyayyen hasken nan mai ƙona fata. A fatarmu baƙa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na san mata da yawa da suka daina shafa man gaba ɗaya saboda kunyar fita da fuska kamar an barbaɗa gari, kuma abin yana damuna, domin ranar Makka ba ta san launin fata ba.

Maganar ƙanwarki kuwa, kwamitin masana na Tarayyar Turai ya bincika, ya amince da sinadarin na nano a man shafawa har zuwa kashi 25 cikin 100, saboda a saman fata yake tsayawa. Masu yin sa sukan lulluɓe kowace ƙwaya da siririn rufi na silika ko alumina don kada rana ta sa ta yi wa fata illa. Inda masanan suka ja layi shi ne shaƙa. Tun 2006 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa ƙurarsa cikin abubuwan da mai yiwuwa su jawo cutar idan ana shaƙa, bisa gwajin da aka yi da ɓeraye. Saboda haka ki sayi na shafawa, ki bar na feshi da na hoda, musamman a fuskar yara.

Ki juya kwalin ki duba. Za ki ga Titanium Dioxide, wani lokaci da kalmar nano a gefensa. Ki fifita wanda aka haɗa da Zinc Oxide, wani sinadarin kare rana, don ya fi tare hasken da ke ratsawa can cikin fata ya bar tabo. Lambar ƙarfin kariya da ke jikin kwalin (SPF), 30 ta wadatar: tana tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken ƙuna, lamba 50 kuma kusan 98. Kada ki biya kuɗi mai yawa kan wannan ɗan bambancin. Ki mayar da hankali kan sake shafawa bayan awa biyu, da bayan gumi ko alwala. In na nano ɗin ma ya bar ɗan fari, akwai mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke sajewa da fata. In za ki shiga ihrami, ki tabbatar ba shi da turare, kuma kada ki ajiye lema.

Tambaya: Ina sana'ar tagogin alminiyam a Jidda. Wani mai gida yana son in sa masa gilashi mai wanke kansa. Ya cancanci kuɗinsa? Daga wani Malam, Jidda.

Malam, gilashin na gaske ne, ba damfara ba. Asalinsa binciken Akira Fujishima da Kenichi Honda ne a Japan, wanda suka wallafa a 1972, inda suka nuna yadda titaniyam dayoksaid ke aiki idan haske ya buge shi. Kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da irin gilashin kasuwa a 2001. Tun gilashin yana da zafi a masana'anta ake hura masa sinadarin a matsayin tururi, ya manne ya zama rufi mai kaurin nanomita 15 kacal. Rana na sa rufin ya ruguza maiƙo da hayaƙin mota da kashin tantabara, sannan ruwan sama ya shimfiɗu a kansa bai-ɗaya ya kwashe dattin.

To, ina ruwan saman yake a Jidda? 'Yan kwanaki ne lokacin sanyi. Dattinmu kuma ƙurar yashi ce da gishirin Bahar Maliya, waɗanda rufin ba ya iya rugujewa. Ka faɗa wa mai gidan haka tun kafin ya ba da kafin alƙalami. In tagogin suna can sama inda hannu ba ya kai, kuma akwai tiyo da za a riƙa fesa musu ruwa, zai ga amfani, don gilashin yana bushewa ba zane. In na ƙasa ne, gilashi na yau da kullum da tsumma sun ishe shi. Idan ya dage, ka juya fuskar mai rufin waje, ka guji manna shi da silikon domin yana ɓata rufin, kuma kada yaranka su kankare shi da reza.

Tambaya: Na sayi alewa da cingam tsarabar yara, sai na ga E171 a jikin leda. In zubar? Daga wani Alhaji, Madina.

Alhaji, E171 ita ce dai hodar nan, kuma wani kaso na ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai. A 2021 hukumar lafiyar abinci ta Turai ta ce ba za ta iya tabbatar da cewa hodar ba ta yi wa ƙwayar halitta illa ba, aka hana ta a abinci a can a 2022. Amurka da Ingila ba su hana ba. Wanda yara suka riga suka sha kada ya ɗaga maka hankali, kuma kada kowa ya daina shan maganinsa don ya gan ta a rufin ƙwaya. Amma a alewa ba ta ƙara daɗi ko gina jiki, fari kawai take sawa. Nan gaba ka ɗauki wadda ba ta da ita, ko ka cika jakar da dabinon ajwa, tunda a Madina kake.