Waƙarka ce, amma asusun na wa? Amsoshin tambayoyinku kan waya da kwamfuta

Tambaya: Malam, ina waƙoƙin biki a ƙauyenmu kusa da Ringim. Wani mai situdiyo a Kano ya ce zai ɗora mini su a Audiomack da Spotify da YouTube kyauta, amma a asusun kamfaninsa, in kuɗi sun shigo mu raba. In amince?

Amsa: Ƙanena, kada ka amince haka da fatar baki. Babu tambayar da ke ɗaga mini hankali kamar wannan, don kullum sai bayan an ci kasuwa an watse ake zuwa mini da kuka.

A zamanin kaset dole mawaƙi ya bi kamfani, domin su ke da situdiyo, su ke da injin bugawa, su ke da dillalan da za su kai kayan kasuwa. Yanzu kamfanoni irin su DistroKid da TuneCore sun karɓe aikin rarrabawar. Ka biya su kuɗin shekara, su kai waƙarka Spotify da Apple Music da sauransu. Audiomack kuwa da kanka za ka ɗora, ba ko sisi. To me mutumin nan zai yi maka da wayar hannunka ba za ta yi ba?

Kuɗin sauraro ba su san muryar kowa ba. Suna bin imel da lambar bankin da ke kan asusun ne. Abin takaici ma, idan ya riga ka yi wa sautin rajista a tsarin Content ID na YouTube, wato tsarin da ke gano sautin mai haƙƙi a duk bidiyon da aka ɗora, ranar da ka ɗora waƙarka a tasharka, kuɗin tallan da ke kanta wajensa za su tafi. Kai ka rera, kai ka sha ƙurar hanyar Kano, wani yana kwance yana jin alat.

Ban ce kamfanonin waƙa sun mutu ba. A 2024 Universal Music ta sanar da sayen kaso mafi tsoka na Mavin, kamfanin Don Jazzy, kuma ba a zuba irin waɗannan kuɗi a gawa. Amma kamfani na gaske kashe maka kuɗi yake yi, a bidiyo da talla da kuɗin kafin alƙalami, wanda shi ma bashi ne da za a cire daga rabonka. Don haka ka tambaye shi: nawa zai kashe? Shekara nawa yarjejeniyar za ta yi? Bayan nan asalin sautin zai dawo hannunka? Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ce miƙa haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. A rubuta, ka kai wa lauya ya karanta kafin ka sa hannu.

Abin da na fi so ka yi shi ne ka biya kuɗin situdiyo da kanka, ka karɓi rasit, ka taho da fayil ɗin WAV, wato asalin sautin mai cikakken inganci, a memori. Ka buɗe imel da layin da ke ɗauke da NIN ɗinka, ba layin yayanka ba, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa ta wayarka kafin a shiga asusun.

Tambaya: Daga Dambatta nake. An ce in biya a tara wa waƙata masu sauraro 10,000 a dare ɗaya.

Amsa: Na'urori ne za su saurara, ba mutane ba, kuma ba sa zuwa biki su yi maka liƙi. Spotify na gano su, tana iya sauke waƙar gaba ɗaya. Ka riƙe kuɗinka. Tun 2024 ma waƙa ba ta fara kawo kuɗi a can sai an saurare ta sau 1,000 cikin wata 12.

Tambaya: Ina tura wa mutane waƙoƙi a memori ranar kasuwar Maigatari. Na sauke wasu a Audiomack amma Xender ba ya ganinsu.

Amsa: Ba zai gan su ba, Malam, ko ka kwana kana latsawa. A kulle suke cikin manhajar, don a saurara ba data kawai. Kuma ka fara neman izinin masu waƙoƙin.

Tambaya: Ni mace ce daga Birnin Kudu, ina ɗora waƙoƙin yabon Manzon Allah a YouTube. Yaushe za a fara biya na?

Amsa: Allah ya ƙara basira, Malama. Don rabon kuɗin talla kina buƙatar mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. In kin cika, ki nema ta cikin YouTube Studio, da sunan da ke kan katin shaidarki.