Amsa ga mai tambaya kan dokar ƙayyade kuɗin haya

Malam, ka tambaya ko talaka zai samu sauƙin muhalli idan gwamnati ta ƙayyade kuɗin haya, ko kuwa gidajen ne za su ƙara wuyar samu. Na daɗe ina zaman haya, daga baya kuma na yi shekaru ina kula wa mutane da gidajensu, ni ke karɓar kuɗi, ni ake buga wa waya cikin dare idan famfo ya fashe. Abin da na gani ta ɓangarorin biyu shi ne, wanda dokar ta tarar a cikin gida ya ci riba, wanda ke waje yana nema shi ke biyan kuɗin ribar.

Ribar kuwa ta gaske ce, kada kowa ya raina ta. Wanda bai taɓa karɓar takardar ƙarin haya ana saura wata guda kuɗinsa ya ƙare ba, ba zai san zafin abin ba. Ga yara a makarantar unguwa, ga wurin aiki kusa, ga maƙwabtan da aka saba da su, sai takarda ɗaya ta tashe ka. Dokar tana hana wannan, kuma dattawa da masu ƙaramin albashi su suka fi cin moriyarta.

Amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Mai gida yana da lissafinsa, kuma doka ba ta hana shi yin lissafi. A 1994 mutanen San Francisco a Amurka suka kaɗa ƙuri'ar shigar da ƙananan gidajen haya da aka gina kafin 1980 cikin dokar. Masu bincike daga Jami'ar Stanford sun bi diddigin abin da ya biyo baya. Sun tarar 'yan hayar da dokar ta shafa sun fi zama daram a gidajensu, wannan kam an samu. Sai dai masu gidajen sun rage yawan abin da suke bayarwa haya da kashi 15 cikin 100. Wasu sun sayar wa masu shiga da kansu, wasu sun rushe sun sake gini na masu hannu da shuni wanda dokar ba ta hau kansa ba. Ƙarshenta kuɗin haya a birnin gaba ɗaya ya tashi da kusan kashi 5 cikin 100. Wanda ya zo neman ɗaki bayan haka shi ya kwashi kashinsa a hannu.

Inda na fi ganin abin da idona shi ne wajen gyara. Akwai wani gida da na kula da shi wanda aka daɗe ba a taɓa kuɗin hayarsa ba, kayan gini kuwa kullum sama suke yi. Rufin ɗakin baya yana yoyo, silin ya yi baƙi ya kumbura, matar gidan tana jera bokitai duk sanda hadari ya haɗo. Na kai wa mai gidan lissafin sauya kwano, ya duba, ya ce kuɗin ya haura hayar ɗakin ta shekara biyu. Ya ce a liƙe kawai. Aka liƙe, damina ta zagayo aka sake liƙewa. Mutumin nan ba mugu ba ne, tsohon ma'aikaci ne da ya zuba kuɗin sallamarsa a gini. Ita ma matar ba ta iya tashi, don ba za ta samu wani wuri a wannan farashin ba. Kowa ya maƙale. A Mumbai ta Indiya haka ta faru da unguwanni sukutum: dokar 1947 ta daskarar da haya a farashin 1940, masu gida suka daina gyara, ga tsofaffin benaye nan suna ruftawa da mutane lokacin ruwan sama.

Sai kuma kuɗin bayan fage. Duk inda ɗaki ɗaya ya samu masu nema goma, kuma aka hana mai shi ƙara farashi, to ƙarin zai ɓullo ta wata kafar. A rasit za ka ga farashin gwamnati, amma kafin a miƙa maka mukulli ka ba da na goro, ka biya dillali la'ada mai kauri, ko a ce sai ka sayi tsofaffin kujerun da ke ciki. In ma babu wannan, mai gida zai zauna ya zaɓa. Mai albashi ya fi mai sana'ar hannu, mai 'ya'ya biyu ya fi mai bakwai, ɗan'uwan abokinsa ya fi baƙo. Ka ga talakan da aka yi dokar dominsa shi ke zama na ƙarshe a layi. Wannan ne ya fi ci mini rai a duk maganar, don masu kare dokar ba kasafai suke son a taɓo shi ba.

Akwai kuma rashin motsi. Dattijo ya aurar da 'ya'yansa kaf, saura shi da matarsa a gida mai ɗaki huɗu, amma ba zai koma ƙarami ba, saboda ƙaramin a farashin yau ya fi babban da yake ciki tsada. Ban ga laifinsa ba, ni ma haka zan yi. A Stockholm ta Suwidin, inda ake tsara farashin haya, mutum kan yi shekara tara ko fiye a layin jiran gida, na tsakiyar birni ma ya wuce haka nesa ba kusa ba.

To duk dokokin ɗaya ne? A'a, kuma nan ne ya kamata mai tambaya ya sa ido. Berlin ta Jamus ta daskarar da haya a 2020 kan gidajen da aka gina kafin 2014. Farashi ya sauka a gidajen da abin ya shafa, amma tallan gidajen haya ya ragu ƙwarai. A Afrilun 2021 kotun tsarin mulki ta soke dokar, ta ce ba hurumin gwamnatin birnin ba ne, 'yan haya da yawa suka wayi gari da bashin cikon da aka rage musu. Birnin St. Paul na jihar Minnesota a Amurka ya sa iyakar kashi 3 cikin 100 a shekara a 2021, har da gidajen da ba a gina ba tukuna. Masu gini suka ja da baya, neman izinin gini ya faɗi, dole a 2022 aka gyara dokar aka cire sababbin gine-gine na tsawon shekara 20. Jihar Oregon ta Amurka kuwa a 2019 ta bi a hankali: ta yarda a ƙara kashi 7 cikin 100 a kan hauhawar farashi, ta kuma ƙyale gidajen da ba su kai shekara 15 ba. Irin wannan ba ta saukar da haya, amma tana hana mai gida ya ninka maka kuɗi dare ɗaya don ya kore ka, kuma ba ta tsorata mai niyyar gini sosai. In har za a yi, ni irinta nake goyon baya.

Mutane kan kawo misalin Vienna ta Ostiriya su ce ai ga inda abin ya yi aiki. Gaskiya haya tana da sauƙi a can idan aka kwatanta da manyan biranen Turai, amma ku duba dalili. Tun shekarun 1920 hukumar birnin take gina gidaje da kanta, yanzu tana da kimanin 220,000, kuma wajen rabin mazauna birnin suna cikin gidajen hukuma ne ko na ƙungiyoyin da aka taƙaita wa riba. Gini suka yi. Ɗan siyasa ya fi son ƙayyade farashi saboda ba ya cin ko sisi daga baitulmali, sa hannu ne kawai a takarda. Samar da fili, da ruwa da hanya, da sauƙaƙa izinin gini, su ke cin kuɗi da shekaru, kuma wani ne zai zo ya yanke ƙyallen buɗewa.

Don haka idan an kawo muku daftarin irin wannan doka, Malam, kada ka tsaya kan adadin da aka rubuta a sama. Nemi sakin layin da ya yi maganar sababbin gine-gine, ka ga ko an cire su. Duba ko an bar ƙofar ƙari gwargwadon tsadar kayan gyara, da abin da zai faru da farashi idan ɗan haya ya tashi. Ka kuma tambaya wace kotu ce za ta saurari ƙarar ɗan haya, kuma cikin wata nawa. Na ga mutanen da doka ke bayansu ɗari bisa ɗari, amma suka biya ƙarin suka yi shiru, saboda shari'ar za ta fi wa'adin hayar tsawo, kuma tun farko ba a ba su rasit ba.