Ina son zane a hannuna don tunawa da mahaifiyata, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyata ta rasu bara kuma bikina bayan Sallah ne in Allah Ya yarda. Ina ganin wasu a Instagram suna yin tatu da sunan iyayensu a tsintsiyar hannu, ni ma raina ya biya amma ina jin tsoro. Zan iya ƙirƙirar zane nawa na kaina wanda zai riƙa tuna min da ita? Kuma da me ya kamata a yi shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Mama Ya sa can ya fi mata nan, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashi, auren Allah Ya sanya alheri.

Eh za ki iya, kuma zanen da kika fitar da kanki zai fi miki duk wanda za ki ciro a waya, amma da lalle za a yi, ba da allura ba. Tatun da kike gani allura ce ke cusa tawada ƙarƙashin fata zurfin milimita 1 zuwa 2, shi ya sa ba ya fita, kuma hadisin da ya la'anci mai yi da wadda ake yi wa yana cikin Bukhari da Muslim, to kin ga bai kyautu a ce da shi za a tuna da uwa ba. Ga shi goge shi da leza, wato na'urar haske da ake goge tatu da ita, sai an yi ta zirga-zirga, kuɗi mai yawa, kuma a baƙar fata irin tamu yakan bar wurin ya yi haske ko ya yi tabo mai tudu. Balle in allurar ba ta da tsafta, ciwon hanta ma ana ɗauka ta nan.

Shi kuwa son a ɗauki wani naka a jikinka ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ki dubi fuskokin kakanninmu, zube da bille da kalangu da 'yar baka, wanzami ne ya yi da aska, ana ganin Bagobiri ko Babarbare an san gidan da ya fito. Bambancin kawai jariri ba a tambayarsa, yanzu ma dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga ko tatu. Ke kuwa da hankalinki za ki zaɓa.

To ta ina za ki fara? Ki ajiye wayar nan tukuna. Ki buɗe akwatin Mama, ko ki je wurin wadda aka ba kayanta, ki zauna da su a natse. Atamfar da ta fi yawan ɗaurawa akwai wani ganye ko tsani ko ƙwallo da yake maimaituwa a jiki, langar da take zuba muku tuwo akwai fure a murfinta, faifanta, ƙwaryar furarta, bakin mayafinta, ɗan kunnen da ba ta cirewa. Abu ɗaya za ki ɗauka, ɗaya tak, wanda da kin gan shi sai ki ji kamar za ta shigo ɗakin. Yawancin masu kawo min irin wannan buƙatar nan suke ɓata abin, sai su so a sa fure a sa zuciya a sa wata da tauraro a sa suna duk a wuri guda, in an gama ba a gane komai. Kuma ki tambayi gwaggonki ko innarki yadda Mama take ƙunshi da ƙuruciyarta, da yawa cikin iyayenmu tafin hannu ne ja jawur da kan yatsu, a zura hannu a zunguru a kwana da shi, in haka nata yake ki sa a yi miki kan yatsunki irin nata, wallahi 'yan'uwanta suna gani za su gane ba sai kin ce komai ba. In kina son ƙari kaɗan, ɗigo-ɗigo adadin 'ya'yan da ta haifa a zagaye furen ya wadatar.

Maganar suna kuwa ni ban ba ki shawara ba. Mu da ko faɗin sunan uwa muna jin nauyi, a ce ga shi ɓaro-ɓaro a hannu kowa na karantawa a wurin biki, kuma in sunan yana haɗe da sunan Allah kamar Amatullahi ba zai yiwu ki riƙa shiga banɗaki da shi ba, haka aya ko addu'a. Ranar rasuwa ma ki bar ta, duk wadda ta kama hannunki sai ta tambaya, ki yi ta kuka ranar farin cikinki.

Sai ki ɗora hannunki a farar takarda ki zagaye shi da biro, ki zana abin a ciki daidai girman da kike so, amma da alƙalamin maka mai kauri domin layin lalle ya fi na biro faɗi kuma yana ɗan bajewa, duk layi biyun da suka matsu da juna haɗewa za su yi. Ki rage ƙananan kwalliya har sai ya zama daga nesa ma ana gane siffar. Ki gwada a fatarki da jagira ki wuni da shi ki ga ko ya kwanta miki. Ki sani tafin hannu ya fi kama lalle saboda kaurin fatar wurin, tsintsiyar hannu ba ta yin duhu sosai kuma ta fi saurin gogewa. Ki kai wa mai lallenki takardar tun saura wata guda, ta gwada miki sau ɗaya, ki kuma ce ta bar fili a kewayensa kar fulawar amare ta haɗiye shi.

Abin da na fi so ki riƙe, jan lalle za a yi miki. Lallen gaskiya ba ya yin baƙi, sai ya ɗauki awa 4 zuwa 6 a jiki, in an kankare ya fito ruwan goro, cikin kwana biyu ya nuna ya yi duhu, don haka a yi shi saura kwana biyu a fara biki. Baƙin nan na dayis da yake kamawa cikin ƙasa da awa ɗaya yawancinsa akwai sinadarin PPD a ciki, na rinin gashi ne, kuma mugun halinsa ba ranar yake nunawa ba, sai bayan kwanaki har zuwa sati biyu wurin ya fara ƙaiƙayi ya yi ƙuraje masu ruwa daidai siffar zanen, kina tsakiyar amarci. Wadda ya taɓa kamawa kuma takan rabu da rinin gashi har abada don jikinta ya riga ya ƙi shi. In mai lalle ta ce ai kowa shi yake yi, ki ce ke dai ja kike so. Jarirai kuwa ko jan kar a shafa musu, akwai masu ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini, waɗanda lallen yake farfasa musu jini.

Zai goge cikin sati biyu zuwa uku, na farce ne kawai yake jimawa har sai farcen ya fito. Alwalarki ba matsala, launi ne ba ya hana ruwa taɓa fata. Ki adana takardar nan ki kuma ɗau hotonta da na hannun ranar da ya nuna, in aure ya kai ki wani gari kowace mai lalle kika nuna wa za ta iya maimaita miki shi da Sallah ko suna.