Ku Tambaya Mu Amsa: Salsalar ƙauyen Konwal da ta ƙauyukanmu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a ƙasar Ringim. Na ci karo da bayanin wata 'yar gunduma ta karkara a yankin Konwal na Ingila, an jera sunayen mutanenta tun daga shekarun 1600: wanda aka haifa, wanda ya yi aure, wanda ya rasu. Mu kuwa da ƙyar mutum yake wuce kakan kakansa. Wa ya rubuta musu wannan, kuma abin yarda ne dukkansa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Coci ne ya rubuta, doka ce kuma ta tilasta shi.

Konwal tana can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, kogin Tamar ya raba ta da maƙwabciyarta Debon. An kasa ta gundumomin coci fiye da 200, kowace da cocinta da limaminta da maƙabartarta, kwatankwacin ƙasar dagaci ɗaya a wajenmu. A 1538, zamanin Sarki Henri na Takwas, wazirinsa Thomas Cromwell ya ba da umarni kowane limamin coci ya riƙa rubuta duk jaririn da aka yi wa baftisma (wankan shiga addinin Kirista), duk auren da aka ɗaura da duk gawar da aka binne, a kulle littafin cikin akwati. Da yawa daga rubutun farko a kan takarda aka yi su, suka lalace. Sai a 1598 aka ce a kwafe su cikin littattafan fata, kuma duk shekara a aika wa bishop, wato shugaban limaman yankin, kwafi. Wasu limaman ba su koma baya har 1538 ba, suka fara kwafa daga 1558, shekarar da Sarauniya Elizabet ta Farko ta hau gadon sarauta. Shi ya sa littattafai da dama daga nan suke farawa.

Wannan kwafi na biyu shi ne babbar dabarar. Inda ruwa ko gobara ta ci littafin ƙauye, sau da yawa na bishop yana nan. Konwal tana ƙarƙashin bishop na birnin Ekseta da ke Debon har 1876, lokacin da aka ba ta nata a Truro.

Daga baya aka yi ta ƙara bayani. Daga 1754 aure ya sami littafinsa daban, ango da amarya da shaidu suna sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya yi alama. Daga 1813 aka kawo fom bugagge mai gurbin sana'ar uba da inda yake zaune, na binnewa kuma da shekarun mamaci. Ranar 1 ga Yuli 1837 gwamnati ta fara nata rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Ƙidayar 1841 ita ce ta farko da ta ɗauki sunan kowa gida-gida, ta 1851 kuma ta ƙara gundumar da aka haifi mutum. Akwai kuma taswirorin ushirin coci na wajajen 1840, inda kowace gona take da lamba, da sunanta, da girmanta, da mai ita, da wanda yake nomanta.

Batun yarda kuwa, sai da lura. Ranar da ke littafin ta baftisma ce, ba ta haihuwa ba, kuma akan tara yara biyu ko uku a yi musu rana ɗaya. Kafin 1752 shekararsu daga 25 ga Maris take farawa. Saboda haka in ka ga aure a Mayu 1720, sannan baftismar ɗansu a Fabrairu 1720, kada ka yi wa iyayen mummunan zato: Fabrairun nan wata tara ne bayan auren, a lissafin yau 1721 ke nan. Lokacin yaƙin basasarsu, daga shekarun 1640 zuwa 1660, littattafai da yawa suna da giɓi. A ƙidayar 1841 wanda ya haura shekara 15 akan rage masa shekaru zuwa biyar-biyar, ɗan 29 ya koma ɗan 25. In yaro ya mutu akan mayar wa ƙaninsa sunan, sai ka ga suna ɗaya, uba ɗaya, baftisma biyu. Wanda bai duba littafin binnewa ba, sai ya ɗauki wanda ya mutu yana goye ya mai da shi kakansa.

Konwal tana da nata matsalolin na musamman. John Wesley ya fara zuwa yankin a 1743, ɗariƙarsa ta Metodis ta yi ƙarfi ƙwarai cikin masu haƙar kuza da tagulla, don haka yara da yawa a littafin ɗariƙar suke, ba na cocin gunduma ba. Da kasuwar tagulla ta faɗi a shekarun 1860, dubban mahaƙa suka tafi Ostiraliya, Amurka da Afirka ta Kudu, sai gida guda ya ɓace daga littafi ba tare da an binne kowa ba. Wasiyyoyin da aka ajiye a Ekseta kuma sun ƙone a harin bama-baman 1942.

Yawancin littattafan asali yanzu suna Kresen Kernow, gidan adana tarihin Konwal da aka buɗe a Redruth a 2019. Abin da ka gani a intanet kusan ko yaushe aikin 'yan sa kai ne da suka kwafa daga tsohon rubutu mai wuyar karatu, wani ma da Latin. Mai kwafa yana kuskure, shi ya sa masu aikin sosai sukan koma su duba hoton shafin asali.

Tambaya: Ina gaisuwa. Mahaifinmu shi ne dagaci a wani gari na ƙasar Gaya, ya ɗora mini rubuta tarihin garin da salsalar manyan gidajensa. Ba mu da littafin coci irin na Turawa. Daga ina zan fara?

Amsa: Allah ya ja zamanin Baba. Ka fara daga masu rai, ka yi baya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara daga wanda ya sari garin a gangaro. A nan ne ake cike giɓi da zato.

Ka ware littafi mai kauri ɗaya ga kowane gida, shafi ɗaya ga kowane mutum. A kan shafin: sunan yanka, laƙabi, uba, uwa da garinsu, ɗakin da ya fito, matansa bi da bi har da waɗanda aka rabu, 'ya'yan kowace, sana'a, inda aka binne shi. A ƙasan kowane bayani ka sa wanda ya faɗa maka da ranar. Bayanin da ba shi da “in ji wane” ba za a iya gyara shi ba nan gaba.

Tsofaffi mata sun fi maza riƙe dangantaka. Goggo ta san wanda aka riƙa, wanda ya zo agola, da waɗanda suka sha nono ɗaya. Bayan su sai ungozoma, wanzami da liman, don ba a suna sai da su. Maroƙi yana da jerin sunaye a kirari, amma sana'arsa kambamawa ce, yakan tsallake wanda bai yi suna ba. Ka zauna da kowa shi kaɗai, a gidansa, ba a fada ba. A gaban dagaci kowa abin da zai yi daɗi yake faɗa. Zama kada ya wuce awa ɗaya, ka koma sau biyu ko uku, kuma ka bari sai an gama kaka. Ka nemi izini kafin ka kunna rikoda a waya.

Kada ka tambayi tsoho shekarar haihuwarsa. Ka tambaye shi abin da ya faru lokacin, kai ka sa shekara. Ga turakun da za ka ɗaura lissafi a kai: Basasar Kano 1893 zuwa 1895; shigowar Turawa Kano 1903; yaƙin Haɗejiya 1906; isowar jirgin ƙasa Kano 1911; babbar yunwa 1913 zuwa 1914; annobar mura 1918; sarautar Abdullahi Bayero 1926 zuwa 1953; zuwan Sarauniya 1956; rasuwar Sardauna 1966; komawa tuƙin hannun dama 1972; fitowar naira 1973; kisan Murtala 1976. Wanda ya ce yana tallar goro aka kashe Sardauna, ka ba shi shekara 8 zuwa 12 a 1966.

Sannan ka gwada jerin da lissafi. Tsakanin uba da ɗa akan sami shekara 25 zuwa 35. In an ce kakanku ya kafa garin lokacin jihadin 1804, fiye da shekara 220 ke nan, ya kamata a sami wajen iyaye bakwai tsakaninku. In huɗu aka ba ka, ko dai an zubar da sunaye, ko garin bai kai shekarun da ake faɗa ba. Jerin dagatai kuma yana da nasa tarko: sarauta takan bi wa da ƙani, daga baya masu ba da labari su mai da su uba da ɗa.

Takardu suna nan, a warwatse suke. Littattafan rabon gado na kotun alƙali sun fi komai amfani, domin dole a lissafa magada duka, maza da mata. Sai rasit ɗin haraji da jangali, waɗanda aka biya har 1979 lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su. Rajistar shiga makarantar firamare. Takardun cinikin gona. Da abin da malamai suke rubutawa a bangon littattafansu na haihuwa da rasuwa. A wajen gari akwai Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Arewa House a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano a Gidan Ɗan Hausa. Ka nemi rahotannin ƙiyasin haraji da Turawan mulki suka rubuta gunduma-gunduma. Mutanen Jigawa su nema a ƙarƙashin Lardin Kano, tunda sai 1991 aka yi jihar, kuma su gwada rubutun Turawa irin su Hadeija da Gummel. Sai dai Bature abin da hakimi ya faɗa masa ya rubuta, jama'a kuma sukan ɓoye kai saboda haraji, don haka adadinsa yakan gaza.

Wani abu kuma da ba a son faɗa: za ka ci karo da asalin bauta, da rikicin gona, da haihuwar da ake rufa wa asiri. Abin da aka gaya maka bisa amana ba na littafi ba ne. Gidan da ya ce daga Gabas ya zo, ka rubuta haka da sunan mai faɗa, kada ka ƙaryata, kada kuma ka tabbatar.

Tambaya: Ni matar aure ce daga ƙasar Kazaure. Kakanmu a takardar gona Muhammadu ne, a bakin tsofaffi Tanko, 'yan uwan kakarmu kuma Maigoro suke ce masa. Mutum ɗaya ne ko uku?

Amsa: Hajiya, zai iya zama ɗaya, amma a tabbatar ta hanyar matansa da 'ya'yansa. In sunayen uku suna da mata ɗaya da 'ya'ya ɗaya, shi ne. Alkunya ce take jawo haka: uwa ba ta kiran ɗan fari, mata ba ta kiran miji, wanda ya ci sunan kaka sai ya koma Abba ko Babangida.

Kada ki yar da laƙabin, shaida ne. Tanko namiji ne da ya biyo mata, ke nan kakanku yana da yayye mata da ya kamata ki nemo. Gambo ya biyo tagwaye, Audi an haife shi bayan rasuwar uba, Azumi da Sallau sun ba ki watan haihuwa, Ɗanladi da Asabe sun ba ki rana.

Tambaya: Ni ɗalibi ne daga Birnin Kudu. Mun buɗe adakar marigayi kakanmu, malami ne, muka sami takardun ajami, gara ta fara ci. Wasu suna da shekara kamar 1350. Yaya za mu yi da su?

Amsa: Allah ya jiƙan Malam. Kafin komai ku ɗauki hoton kowane shafi, gaba da baya, yadda kuka same su a jere, a inuwa mai haske, ba tare da filashi ba. Kada ku sake musu tsari, domin takardar da ba ta da shekara maƙwabciyarta ce take nuna lokacinta.

Ku kakkaɓe ƙasar gara da burushi mai laushi. Kada ku shanya a rana, takarda karyewa take yi. Kada ku liƙa salatif, kada ku kai a yi musu laminatin, zafi da gam ɗin suna lalata takarda kuma ba a iya cirewa. Kada ku fesa maganin ƙwari a kansu, tawadar gargajiya ba ta jure danshi. Ku sa farar takarda tsakanin shafuka, ku naɗe da farin ƙyalle na auduga maimakon leda, don leda tana tara gumi da damina. Adakar a ɗora ta kan benci, nesa da bango da inda rufi yake yoyo, a buɗe a duba farkon damina da ƙarshenta.

Shekarar ta Hijira ce. Ku ninka da 0.97 ku ƙara 622: 1350 ta ba da 1931, kuma shekarar ta ratsa cikin 1932, don haka ku rubuta 1931/32 sai in an ambaci wata. Ku sami malamin da ya saba da rubutun warash ya karanta da ƙarfi, wani yana rubutawa da boko, kalmar da ba ta fito ba a bar gurbinta. Hotunan kuma a ajiye su wuri uku: a waya, a kwamfuta ko filas, da wajen wani ɗan uwa da yake zaune a wani garin.