Malam, in rediyon jirgi ya ɗauke fa?

Ɗana, jiya da muka sauko daga hasumiyar kula da jiragen sama ka jefo min tambaya biyu a lokaci guda. Ka ce me za ka yi ranar da jirgi yana sama rediyonsa ya ɗauke. Ka kuma ce me ya sa nake matsa maka sai matuƙi ya maimaita umarnin da ka ba shi, alhali ya riga ya ce ya ji. Na lura ta farkon ce take hana ka barci. Ni ta biyun ce ta fi ba ni tsoro, amma bari in fara cire maka ƙayar da ke ƙafarka.

In ka kira jirgi sau biyu, sau uku, ka ji shiru, fara zargin kanka. Duba abin kunnenka da wayarsa, duba ko kana kan mitar da ta dace, koma kan na'urar ko-ta-kwana. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa. In ba haka ba, neme shi a kan 121.5, mitar gaggawa ta duniya, ko ka roƙi wani jirgin da ke kusa da shi ya isar maka da saƙo. Rediyonmu na VHF miƙe yake tafiya, ba ya bin lanƙwasar ƙasa, don haka jirgin da ya yi maka nisa ko ya yi ƙasa da yawa ba zai ji ka ba, amma ɗan'uwansa da ke sama zai ji ku duka. Shi ya sa masu ratsa Sahara tsakanin sararin Kano da na Yamai da na Njamena suka daɗe suna dogara da rediyon HF mai cin dogon zango amma mai yawan shashsheka, kuma suna sanar da juna inda suke a kan 126.9.

Sannan ka gano ko bebe ne ko kurma. Ce masa: in kana ji na, danna maɓallin shaida mai haska alamarka a kan rada, ko ka juya zuwa kaza. In ka ga alamarsa ta amsa a kan rada, to kunnensa lafiya, bakinsa ne ya mutu, sai ka ci gaba da ba shi umarni yana amsawa da aiki. Matuƙin da ya san aikinsa zai sa lamba 7600, alamar rediyo ya ɗauke, a na'urar da ke amsa wa rada. Kada ka taɓa cakuɗa ta da 7700 ta gaggawa ko 7500 ta fashin jirgi. Ko da ba ka ga wata alama ba, kar ka yi shiru. Faɗa masa yanayin iska da titin da ake sauka, wataƙila yana saurare.

Shi ma yana da dokarsa a rubuce. In sarari garau ne, zai nemi fili mafi kusa da ya dace ya sauka. In yana cikin gajimare, ƙa'idar ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, ta ce ya riƙe tsayi da gudun da aka ba shi na ƙarshe har minti 7 a inda ake sa ido da rada, minti 20 a inda babu, daga nan ya bi tsarin tafiyar da ya shigar kafin ya tashi. Ka ga ke nan kana iya sanin abin da zai yi, aikinka share masa hanya. In ya iso, ga fitilar hannu a hasumiya: kore a tsaye, sauka; ja a tsaye, ba wani hanya ka ci gaba da kewaye; ja mai ƙyaftawa, filin ba lafiya, kada ka sauka. Da rana zai amsa da karkaɗa fikafikai, da dare da ƙyafta fitilun sauka.

Duk wannan abu ne da kowa ya san ya lalace, kowa kuma ya yi hattara. Wanda yake kashe mutane shi ne rediyon da ke aiki, kai ka ɗauka an ji ka, shi ya ɗauka ka ba shi izini.

Ranar 27 ga Maris 1977 bam ya fashe a filin jirgin Gran Canaria, aka karkatar da jirage zuwa ƙaramin filin Los Rodeos a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya. Fili ya cika har jirage suna bin titin tashi da kansa don su kai bakinsa. Hazo ya sauko, mai hasumiya ba ya ganin titi, ba shi kuma da radar ƙasa. Boeing 747 na kamfanin KLM ya kai ƙarshe ya juyo, Boeing 747 na kamfanin Pan Am yana tafe a kan titin nan ɗaya. Aka karanta wa KLM hanyar da zai bi bayan ya tashi. Mataimakin matuƙi ya maimaita, ya ƙara da wata magana mai harshen damo, wadda za a iya ɗauka "muna wurin tashi" ko "muna tashi". Mai hasumiya ya ce "OK", ya ɗan numfasa, ya ce a dakata zai kira. A daidai wannan daƙiƙa mutanen Pan Am suka danna nasu suna cewa suna kan titi har yanzu. Muryoyin biyu suka haɗu suka zama ƙara mai kama da fito. Abin da ya shiga kunnen KLM sosai shi ne "OK" ɗin nan kawai.

Tsaya a nan ka duba da kyau. Rediyon jirgi ba ya ji yayin da yake magana. Mai hasumiya ya faɗi daidai, Pan Am sun faɗi daidai, kuma ba wanda ya san an danne maganarsa. Injiniyan jirgin KLM ya ji alamar matsala, ya tambaya ko Pan Am ya fita daga titi, kyaftin ya amsa masa da ƙarfi cewa ya fita. Mutum 583 suka mutu. Har yau babu hatsarin jirgin sama da ya kai shi. Daga nan ne aka killace kalmar Turanci ta "takeoff", ba a furta ta sai wajen ba da izinin tashi ko soke shi, a sauran magana "departure" ake cewa. Kuma in na ƙara jin "OK" a bakinka a kan mita, zan karɓi makirfon daga hannunka.

Akwai kuma kunyar faɗin gaskiya ƙarara. A 25 ga Janairu 1990 jirgin Avianca 52 daga Kolombiya ya yi fiye da awa ɗaya yana kewaye kafin a bar shi ya nufi filin Kennedy na Niyok. Matuƙan sun ce mai yana ƙare musu, sun nemi a ba su fifiko, amma ba su furta kalmar gaggawa ba, ba su ce "Mayday" ba. Masu kula suka ɗauke shi kamar sauran jirage. Mai ya ƙare, ya faɗi, mutum 73 suka rasu cikin 158. Mu Hausawa muna da kara, muna kewaya magana don ladabi. Bar wannan a ƙofar hasumiya. In matuƙi ya ambaci mai da wata irin murya, tambaye shi kai tsaye ko yana ayyana gaggawa ne, da minti nawa ya rage masa.

Ni kaina wani hunturu, ƙura ta rufe gari, ina da jirage biyu masu lambar kira kusan iri ɗaya. Na ba ɗaya izinin saukowa, ɗayan ya amsa. Ya maimaita tsayin daidai, na ji abin da nake sa ran ji, hankalina yana kan wayar da ke ƙara a gefena. Wanda nake aiki a ƙarƙashinsa ne ya dafa kafaɗata ya ce, "Wa ya amsa maka?" Na tsayar da jirgin kafin ya kai tsayin ɗan'uwansa. Allah ya kiyaye, amma daren nan ban runtsa ba, kuma tun ranar nake sauraron maimaici daga lambar kira har ƙarshe kafin in taɓa wani abu.

Gobe ka riga ni zuwa da rabin awa. Za mu gwada fitilar hannu da na'urar ko-ta-kwana, sannan ka zauna a kujera ni in zama matuƙi. Zan riƙa maimaita maka umarni, wasu da kuskure a ciki, ba zan gaya maka waɗanne ba.